Jelly Roll Morton: Makaɗin da Kakarsa Ta Kora Daga Gida

Yawancinmu mun san piyano ne a majami'a ko a ɗakin taron makaranta. To, a bana mun ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu labarin wani mutum da ya sa wannan abin kiɗa ya yi wata irin magana dabam, wato kiɗan da ake kira jaz.

Sunansa na yanka Ferdinand LaMothe. An haife shi a birnin New Orleans na ƙasar Amurka, takardar baftismarsa kuwa ta nuna shekarar 1890. Birnin nan mahaɗa ce. Akwai jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, waɗanda a dā sukan taru ran Lahadi a wani fili mai suna Congo Square su yi kiɗa da rawa irin ta gida. Akwai kuma al'adun Faransa da Sifen da Kyuba. Idan an yi mutuwa, 'yan badujala sukan raka gawa makabarta da waƙoƙin sujada a hankali, a kan hanyar dawowa sai su saki kiɗa mai zafi. A cikin wannan tukunya aka dafa jaz.

Yana ɗan shekara 14 ya fara kaɗa piyano a gidajen karuwai na unguwar Storyville, domin a nan kuɗi suke. A gida kuwa ya ce wa kakarsa aikin gadi yake yi da dare. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da tsohuwar ta gane gaskiya, ita da ba ta wasa da zuwa majami'a, sai ta ce ya zubar da mutuncin gidan, ta kore shi. Ba ma ganin laifinta ƙwarai, amma yaron bai ƙara samun gida irin wannan ba. Ya shiga duniya, yana yawo gari gari, yana kiɗa, yana caca, har ya sa aka dasa masa lu'ulu'u a haƙori.

To, mene ne gwanintarsa? Makaɗan farko na jaz da kunne suke koyo, kowa ya ƙaga nasa nan take. Morton ya nuna ana iya rubuta wannan kiɗa a takarda ba tare da an kashe shi ba. A 1915 aka buga "Jelly Roll Blues", wanda ake lissafawa cikin kiɗan jaz na farko da aka wallafa. A watan Satumba na 1926, a Chicago, ya tara makaɗa shida, shi na bakwai, ya kira su Red Hot Peppers, wato jan barkono mai zafi, suka yi wa kamfanin Victor faifan garmaho. Faifai a lokacin bai wuce wajen minti 3 ba, saboda haka ya tsara komai: inda za a busa tare, inda kowa zai yi tsit a bar mai ƙaho ɗaya ya yi gaban kansa, da inda za a sake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar mawaƙa ya san wuyar sa mutum bakwai su yi shiru a lokaci guda! Ku nemi "Black Bottom Stomp" ku saurara, za ku ji abin da muke nufi.

Amma yana da cika baki. Ya yi iƙirarin cewa shi kaɗai ya ƙirƙiro jaz a 1902, lokacin da shekarunsa ba su wuce 12 ba. Wannan ya sa mutane da yawa suka raina har gaskiyar da ke bakinsa. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, salon kiɗa kuma ya canja, sai aka manta da shi. A 1935 Benny Goodman ya yi suna da "King Porter Stomp", kiɗan da Morton ya tsara, shi kuwa mai abin yana fama da talauci.

A 1938 wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya same shi yana kiɗa a wata ƙaramar mashaya a Washington, ya kai shi Laburaren Majalisar Amurka. Nan ya zauna gaban piyano, yana kaɗawa yana ba da tarihin New Orleans, ana ɗauka a faifai. A shekarar ce kuma aka soke shi da wuƙa, asibitin da ke kusa ya ƙi karɓarsa don na farar fata ne kawai. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu a Los Angeles ran 10 ga Yuli, 1941. Kid Ory, ɗaya daga cikin makaɗansa na 1926, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.