Durbi-ta-Kusheyi: Ziyarar Makwancin Sarakunan Katsina na Farko

Gabatarwa

Duk wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Durbi ya nufi gabas, to ya kama hanyar ƙasar Mani, inda Durbi-ta-Kusheyi take, kimanin kilomita 32 daga birni. Kalmar kusheyi jam'in kushewa ce, wato kabari. Na sha kai ziyara wannan wuri tun ina aikin gwamnati, kuma abin da na lura shi ne baƙo ba ya ganin komai sai tudun ƙasa, har sai an samu dattijon gari ya tsaya ya yi masa bayani. A kan wannan nake so in ja hankalin malaman makaranta da dattawanmu.

Su Wane Ne Durbawa?

Kamar yadda tarihin baka ya nuna, Durbawa su ne gidan sarautar Katsina na farko. Jerin sarakunansu ya fara da Kumayau, ana kuma ambaton Ramba-Ramba da Bataretare da Jarnanata, har zuwa Sanau. Shi Sanau ne Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar a kokawa ya kashe, mulki ya koma wani gida. Muhammadu Korau, wanda ya yi zamani a ƙarni na 15, shi ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko. Duk da haka sunan Durbi bai ɓace ba. Har yau Durbin Katsina yana cikin masu zaɓen Sarki, ga kuma ƙofar birni da take amsa sunansa.

Abin da Aka Tono

A shekarar 1907 Baturen mulki H. R. Palmer ya fara haƙa waɗannan tuddai, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suka sake haƙa guda uku. An samu tasoshin tagulla da warawaran hauren giwa da 'yan kunne na zinariya da duwatsun ado da wuri. Bincike ya nuna kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 da na 16 ne. Wuri dai daga Tekun Indiya yake fitowa, akwai kuma tasa ƙirar Gabas ta Tsakiya. Ke nan tun wancan zamani fataken Sahara sun san hanyar ƙasar Katsina. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Nijeriya a 2014.

Darasi Daga Ostireliya

Kaya a gidan tarihi suna da amfani, amma ba su iya faɗin labarinsu da kansu. A tsakiyar ƙasar Ostireliya akwai wani katafaren dutse mai suna Uluru, tsawonsa mita 348, cikin gandun daji na ƙasa. Ainihin 'yan ƙasar wurin, Anangu, suna girmama shi tun kaka da kakanni. A 1985 gwamnati ta mayar musu da mallakar wurin, su kuma suka ba hukumar gandun daji hayarsa ta shekara 99. A 1995 aka buɗe cibiyar al'adu kusa da dutsen, inda baƙo zai fara tsayawa ya ji tarihin wurin daga bakin masu shi, ya san inda ake ɗaukar hoto da inda aka hana. Daga 2019 ma an daina hawan dutsen baki ɗaya, saboda haka masu wurin suka daɗe suna roƙo. Hikimar ita ce an sa bayanin 'yan gari a gaba, kallo ya biyo baya.

Ladubban Ziyara

Malamin da zai kai ɗalibai Durbi-ta-Kusheyi ya fara neman izini ta hannun Hakimi da Dagaci, ya roƙi a haɗa shi da dattijon da ya san wurin. Ya karanta wa yara jerin sarakunan tun a aji. In an isa, kada a hau tuddan, kada a tona, kada a ɗauki ko da katangar tukunya, domin masu bincike da inda aka tsinci abu suke gane shekarunsa. A kuma fahimtar da yara cewa ziyarar ta neman ilmi da wa'azi ce, ba ta neman tabarruki ba.

Kammalawa

Ruwan sama da garma suna cin tuddan a hankali, dattawan da suka riƙe labarin kuma suna ta raguwa. Shawarata ita ce a gina ɗan ɗakin bayani kusa da kusheyin, a sa hotunan kayan da aka tono, a ɗauki muryoyin dattawa a rubuta da Hausa, a kuma horar da samarin garin su zama 'yan jagora. Malami kuwa ba sai ya jira gini ba, littafi da alƙalami sun ishe shi ya rubuta abin da dattijo ya faɗa. Allah ya sa mu dace, amin.