Magatakardan Banki na Wannan Zamani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A da, in manomin auduga na Funtuwa ko Malumfashi ya nemi rance, dillali ke tsaya masa, domin ya san gonarsa, ya san mahaifinsa. Yau banki na'ura yake fara tambaya, ita kuwa ba ta san kome ba sai abin da aka zuba mata.

Saboda haka bankuna ke neman ma'aikata iri biyu. Na farko maginin rumbun bayanai ne: shi ke tattaro lissafin ajiya da rance daga rassa duka, ya tsince kuskure kamar yadda ake tsince datti daga auduga kafin a gurje ta, ya adana wuri guda. Na biyu shi ke ɗiba daga rumbun, ya auna, ya sanar da shugabanni inda ake biyan bashi, da watan da kuɗi ke shiga hannun manomi.

Ga abin da ya ƙara wa aikin nauyi. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda ta ɗaure ajiyar mutum da zanen yatsunsa. A 2017 aka yi dokar tattara labarin masu cin bashi. A 2020 aka ba banki iko ya cire bashin da aka ƙi biya daga ajiyar mutum a wani banki. To, in aka bar wa manomi bashin da ya riga ya biya, ƙofar rance za ta rufe masa, ga damina ta kawo kai, ba taki, ba iri. Dokar 2017 ta ba shi damar neman gyara, don haka mai hankali ba ya yar da rasidi.

Malamai sun san aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta umurci a rubuta bashi, kuma marubuci ya yi adalci. Alƙalami ya sake kama, amana tana nan. Ya kamata mai ɗaukar ma'aikaci ya binciki gaskiyarsa kamar yadda yake duba takardarsa. Almajirin da ya iya lissafin rabon gado kuwa, kada a hana shi karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin a sami masu tsoron Allah a bakin rumbun.

Allah Ya datar. Wasalam.