Cimar Samari 'Yan Dambe da 'Yan Kokawa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Dambe da kokawa wasannin kaka ne. Bisa al'ada ba a buɗe fage sai an kai amfanin gona gida, wato lokacin da rumbu ya cika, jiki kuma ya murmure daga wahalar damina. Wannan ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin dangantakar cima da ƙarfi, shi ya sa yakan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Buƙatar Jikin Saurayi

Saurayin da ke shiga fage yana ciyar da abu biyu a lokaci ɗaya: girman da bai gama ba, da kuma ƙarfin da yake ƙonawa wajen atisaye. Ma'aunin da masana abinci na Amurka suka tsayar ya nuna cewa ɗan shekara 9 zuwa 18 yana buƙatar miligiram 1,300 na kalsiyam kowace rana domin ƙashi, namiji ɗan shekara 14 zuwa 18 kuma miligiram 11 na sinadarin ƙarfe domin jini. Kofin nono ɗaya yakan ba da kimanin miligiram 300 na kalsiyam. Ke nan ƙoshi daban, ginin jiki daban.

Hikimar Cimar Gargajiya

Dambe wasan mahauta ne tun asali, saboda haka nama bai yi wa ɗan dambe nisa ba. Ɗan kokawa kuwa galibi manomi ne, madogararsa fura da nono. Furotin ɗin gero yana da giɓi wanda nono da wake suke cikewa, don haka fura da nono, ko koko da ƙosai, haɗi ne mai ma'ana. Har ila yau, jiƙa gero da barinsa ya yi tsami kafin a dama yana rage sinadarin da ke hana hanji tsotsar ƙarfe.

Sauyin Zamani

Tun daga shekarar 1975, da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa cikin Jamhuriyar Nijar, wasan ya zama hanyar neman suna da dukiya. Dambe ma ya koma gidajen wasa na birane, ba ya jiran kaka. Yaron da ya baro ƙauye yakan dogara ga teburin mai shayi, alhali shayi a kan abinci yana tauye tsotsar ƙarfe, burodi da taliya kuma cika ciki suka fi yi. Ƙarancin jini kan jawo saurin gajiya da haki tun turmin farko.

Kammalawa

Maganin ba mai tsada ba ne. Wake da ƙuli-ƙuli da zogale da nono suna nan a kowace kasuwa, lemo ko tumatir a gefen abinci yana taimaka wa jiki karɓar ƙarfe. Ya kamata iyayen gidan 'yan wasa su jinkirta wa yaransu shayi, su kuma sa su sha ruwa kafin su ji ƙishi.