Kifin da Ke Magana da Lantarki

Babu masuncin da ya taɓa jefa birgi ko ya ja taru a madatsun ruwan da ke maƙwabtaka da garin Lakwaya, kamar ta Guzu-guzu a ƙasar Kabo ko ta Challawa a Ƙaraye, wanda za a ba shi labarin minjirya, domin wanda ta fizgi hannunsa sau ɗaya ba ya mance ta har abada. Kuma tun wajen shekara 800 da suka shuɗe malami Abdullaɗif Albagadadi ya siffanta ta cikin kifayen Nilu, inda Larabawa ke kiranta ra'ad, watau aradu. Amma a ganina, al'ajabin ya fi yawa ga ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni, kifin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi, wanda lantarkinsa ya yi raunin da hannun mutum ba ya jin sa, har aka daɗe ana cin namansa ba a san da shi ba.

A shekarar 1951 ne Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij a Ingila ya tabbatar cewa wutsiyar wannan kifi tana fitar da lantarki wajen sau 300 a kowane sakan, dare da rana, ba yankewa. Da shi yake lalube cikin ruwa mai laka inda ido ba shi da amfani, yana rarrabe dutse da ciyawa da abin farauta. Da shi kuma yake jin ɗan'uwansa, har idan biyu suka kusanci juna muryoyinsu suka nemi cakuɗewa, sai kowane ya ɗan karkata tasa.

To, tun da lantarkin nan magana ce, mene ne ke hukunta abin da kifi zai faɗa? Masu bincike a Cibiyar Clemente Estable ta ƙasar Urugwai, musamman Ana Silva da Rossana Perrone, sun bi diddigin wannan mas'ala a jikin wani kifin lantarki na can mai suna Gymnotus omarorum, wanda ba ya son maƙwabci ko kaɗan. Idan biyu suka haɗu sai faɗa ya kaure, kuma cikin 'yan mintoci a san mai rinjaye: shi ya riƙa bugawa da sauri, wanda aka rinjaya kuwa ya rage bugu, ya riƙa ɗauke muryarsa ɗungum na ɗan lokaci, ko ya saki 'yan gajerun sautuka masu rawa, waɗanda su ne mubaya'arsa.

Abin da ke riƙe da linzamin wannan hali wani sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, ana kiransa basotosin, ƙwayoyi tara kacal da aka jera kamar 'ya'yan carbi. A binciken da suka wallafa a 2018, da aka toshe aikinsa a jikin mai rinjaye sai zafinsa ya ragu, da aka ƙara wa na ƙasa shi kuwa, maimakon ya yi jarunta, sai alamun miƙa wuyansa suka daɗu. Wannan shi ne wurin da ya fi tsaya mini a rai, cewa sinadari guda ya ƙarfafa izza a wani, ya ƙarfafa tawali'u a wani, gwargwadon matsayin da kowannensu ya tsinci kansa. Tsarki ya tabbata ga Mai hikimar da Ya tsara haka.

Mu ma 'yan Adam muna ɗauke da dangin basotosin biyu: basofiresin, mai umurtar ƙoda ta riƙe ruwa lokacin ƙishirwa, da oksitosin, mai tayar da naƙuda da saukar da nono ga mai jego. Shi kuwa ɗan sarkin namu, yana da nasa zafin: idan ruwa ya cika fadama da damina, sai ya haɗa sheƙar ciyawa mai yawo a bisa ruwa, a zuba manyan ƙwai a ciki, ya tsaya gadi, kuma masunta sun san cewa wanda ya miƙa hannu wurin a lokacin nan, cizo zai sha.