Ƙwallon lambu: miliyoyin da ke bin bayan tsintsiya

Duk wanda ya taɓa sammakon shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san ƙarar da ke fara tarbarsa: ƙarar tsintsiya. Kafin a baje haja sai an share, an yayyafa ruwa. To, jama'a, mun leƙa wani wasa na masu hannu da shuni, wato ƙwallon lambu da ake kira golf, sai muka tarar su ma da shara suke buɗe gari.

A wannan wasa ana bugun ƴar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, kuma cikakken fili ramuka 18 gare shi. Faɗin ramin milimita 108 ne, kamar bakin ƙaramin kwanon sha. Kewaye da kowane rami akwai wani ɗan dandali na ciyawa mai laushi, inda ba a ɗaga ƙwallo sama, gangara ta kawai ake yi. A lissafin wasan, bugu biyu ake ware wa kowane dandali, ke nan 36 cikin 72, rabin wasa cif. A 2025 Rory McIlroy ya ci gasar Masters a Augusta ta Amurka, ya tafi da dala miliyan 4,2 na Amurka, sama da miliyar 2 na kuɗinmu na CFA. A kan irin wannan dandali aka yanke hukuncin, da bugun ƙarshe.

Yaya ake kula da shi? Ma'aikata na fitowa tun duhun asuba. Da farko su kaɗe raɓa da doguwar sanda ko faffaɗan buroshi, domin raɓar da ta daɗe kan ganye ita ke kawo ciwon da ke ɓata ciyawa tabo-tabo. Buroshin yana kuma tayar da ciyawar da ta kwanta. In aka bar ta kwance gefe guda, sai ta riƙa karkatar da ƙwallo, in kuwa ta miƙe, injin aski ya yanke ta daidai wa daida. Kusan kullum ake askin, ana barin milimita 3 zuwa 4, kamar kaurin ƙarfen dala ashirin guda biyu in an ɗora su.

Lokaci-lokaci sai a barbaɗa rairayi mai laushi, a bi shi da buroshi har ya shige gindin ciyawa, ya cike ƴan ramuka, ya hana matattun saiwoyi taruwa. Tom Morris, wanda ya fara kula da filin St Andrews na Sikotilan a 1864, shi ya yi suna da wannan dabara. Sau ɗaya ko biyu a shekara kuma ana huhhuda ƙasar don iska da ruwa su shiga. Ramin kansa ana sauya masa wuri, kada takun jama'a ya kashe gefe guda. Amma shara ma da iyakarta: a tsananin zafi, buroshi mai ƙarfi ƙuje ciyawa yake yi, sai a sassauta hannu.

Akwai har ma'aunin aikin. A 1935 wani Ba'amurke, Edward Stimpson, ya ƙero wani ɗan kwararo da ake sako ƙwallo ta cikinsa, a auna nisan da ta gangara. Kamar tiya ce a wurin mai hatsi, ba a gardama da ita.

Wani abin mamaki, ciyawar da ake shukawa a filayen ƙasashe masu zafi dangin kiri-kiri ce, wadda muke takawa a bakin fadama. Sai dai irin wannan dandali ruwa yake sha ba kaɗan ba. Shi ya sa filin Rio Bravo da aka yi a wajen Yamai, kan hanyar Tilaberi, aka yi shi ba ciyawa. A irin waɗannan filaye rairayi ake cuɗawa da mai a daddaɓe, kuma da an gama bugu sai mai shara ya goge sawun ƙafa kafin na baya su iso. A ƙasar da mata ke layi a bakin famfo, wannan ya fi dacewa da hankali.

Ran gasa, kamara na kan mai sanda, mai tsintsiya kuwa ya tafi gida tun hantsi. Amma ya yi fashin kwana biyu kawai, a ga yadda wasa zai lalace. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Saboda haka gobe da safe, in kun tarar da gaban rumfa fes, ku nemi wanda ya share ku gaishe shi, ku kuma biya shi haƙƙinsa a kan kari.