Noma Ba Ƙasa: Yadda Ake Ciyar da Shukar da Ke Rayuwa Cikin Ruwa

A manyan biranenmu, gidaje da dama ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a tsakar gida, don an malale ko'ina da siminti ko tayil. Ga kayan miya kuma da ke tashin gwauron zabo duk shekara, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, bayan amfanin noman rani ya ƙare. Wannan ya sa hankalin wasu ya karkata ga noman da ba ya buƙatar ƙasa, wanda ake kira haidurofonik. Ana shuka latas, alayyafo, na'a-na'a, tumatir ko tattasai a bokiti ko bututun roba, saiwar na shan ruwan da aka narkar da taki a ciki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1860 wasu masana tsirrai biyu 'yan ƙasar Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa tsiro zai girma a ruwa zalla muddin an narkar masa da sinadaran da yake buƙata. A 1929 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya fara yayata cewa za a iya noman abinci ta wannan hanya, sannan a 1938 Dennis Hoagland da Daniel Arnon suka fitar da haɗin taki da har yau ake amfani da shi a ɗakunan bincike.

Abin da mai farawa ya kamata ya riƙe shi ne, ƙasa ba wurin tsayuwar shuka ce kawai ba. Tana ajiye abinci ta saki a hankali, tana riƙe danshi da iska, tana kare saiwa daga zafi, kuma tana shanye kuskuren manomi idan ya cika taki. Da zarar ka cire ta, duk waɗannan ayyuka sun dawo wuyanka, kuma ruwa ba ya rufa wa kowa asiri. Kuskuren da aka yi da safe kan bayyana a ganye kafin mako ya zagayo.

Abin da shuka ke ci

Masana sun lissafa sinadarai 17 da shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku daga ciki tana samunsu daga iska da ruwa. Sauran 14 ta saiwa suke shiga. Shida ana buƙatarsu da yawa: naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam, maganiziyam da salfa. Ragowar kuwa ɗan mitsitsi ya isa, irin su ƙarfe, zinki, manganis da boron, amma rashin ɗaya kan tsayar da girman shuka cak.

Nan ne kuskuren farko yake. Mutum ya ɗebo takin zamani na gona, NPK 15-15-15 ko yuriya, ya jiƙa a ruwa, yana ganin ai taki taki ne. Takin gona an yi shi ne don ya cike giɓin da ƙasa ta bari, saboda haka sinadarai uku kawai ya mayar da hankali a kansu, sauran yana barin ƙasa ta bayar. Ba ya narkewa sarai, yakan bar laka a gindin bokiti. Ita kuwa yuriya sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin shuka ta more ta sosai, kuma ba su da yawa a bokitin ruwa. Takin gargajiya ma, kashin kaji ko na shanu, idan aka jiƙa shi sai ya ruɓe, ya cinye iskar ruwan, ya yi ɗoyi, ya jawo cuta. Takin da ake nema shi ne wanda aka rubuta a jikinsa cewa na noman ruwa ne, mai narkewa tas, mai ɗauke da ƙananan sinadaran duka.

Yadda ake haɗawa

Takin noman ruwa kan zo kashi biyu, A da B, kuma raba su da aka yi akwai dalili. Ɗaya na ɗauke da kalsiyam, ɗayan na ɗauke da salfa da fosfaras. Idan aka haɗa su da kaurinsu, nan take za ka ga ruwan ya yi fari, bayan ɗan lokaci wani farin gari ya kwanta a ƙasa. Wannan garin abincin shukar ne ya daskare, kuma saiwa ba za ta iya shan sa ba ko da an yini ana juyawa. Saboda haka a cika mazubin da ruwa tukuna, a zuba A a juya sosai, sannan a zuba B.

Akwai wani haɗi na gari da masu noman gida suka saba da shi: takin Masterblend 4-18-38, da gishirin Epsom mai ba da maganiziyam, da kalsiyam naitiret. Ga jarka mai lita 20, ana sa giram 12 na farko, giram 6 na biyu, giram 12 na uku, a kan wannan jeri, kowanne ya narke kafin na gaba ya shiga. Ƙananan dashe rabin wannan ƙarfi ya ishe su. A nemi ɗan ƙaramin sikeli mai auna giram, a bar awo da cokali, don nauyin cokalin wannan gari ba ɗaya yake da na wancan ba. A kuma ajiye garin a rufe, nesa da yara, don kalsiyam naitiret yana jan danshi ya narke.

Ma'auni biyu

Na'urori biyu masu kama da alƙalami su ne idon mai wannan noma. Ta farko tana auna EC, wato yawan takin da ke narke a ruwa. Latas da ganyayyaki suna jin daɗi a tsakanin 0.8 da 1.8, tumatir mai 'ya'ya kuwa yakan so 2.0 zuwa 3.5. Wasu na'urorin, irin waɗanda masu sana'ar fiya wata ke amfani da su, suna nuna lissafin da ppm, inda a yawancinsu EC 1.0 yake daidai da ppm 500.

Lamarin kamar na tukunyar miya ne a kan wuta: ruwa na ƙonewa, gishiri na nan, ɗanɗano na ƙara kaifi. A ranar zafi shuka tana shan ruwa fiye da taki, sai abin da ya rage a bokiti ya yi kauri. Idan ka auna ka ga lambar ta hau, ruwa zalla za ka ƙara. Idan ta sauka, sannan ne za a ƙara haɗin taki. Wanda ke ƙara taki duk lokacin da ruwa ya ragu zai wayi gari ya ga gefen ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi alhali saiwarta na cikin ruwa tsundum. Bayan kowane mako biyu ko uku a zubar da tsohon ruwan a haɗa sabo, don shuka ba ta cin sinadaran daidai wa daida, kuma na'urar jimilla kawai take nunawa. Tsohon ruwan a ba wa bishiya ko fulawar ƙofar gida.

Na'ura ta biyu tana auna pH, wato tsami ko kanwar ruwan. Abin da ake so shi ne 5.5 zuwa 6.5. Idan ya haura 7, ƙarfe da manganis da fosfaras sukan ƙi shiga saiwa, sai shuka ta yi ta yunwa da abinci a gabanta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da nauyi, kuma yakan ja pH sama. Ana saukar da shi da ruwan asid na fosfaras da ake sayarwa tare da takin, ɗigo kaɗan-kaɗan, a juya, a jira, a sake aunawa. Lemun tsami ko ruwan khal suna saukarwa, amma kwana ɗaya ko biyu sai ya koma inda yake. Idan kuma ɗagawa ake so, kada a taɓa kanwa, domin yawancinta sodiyam ne, irin sinadarin da ke cikin gishirin miya, kuma yana taruwa ya cutar da saiwa. Ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku ya fi kowanne. Ruwan famfo mai warin kulorin a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi.

Iska da zafi

Saiwa tana numfashi, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa. A digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne kawai, alhali a lokacin ne saiwa ta fi buƙatarta. Abin da ya fi dacewa shi ne ruwan ya tsaya tsakanin digiri 18 da 24. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, baƙin bokiti a tsakiyar rana ya isa ya kashe shuka. Ɗaga murfi ka duba: lafiyayyar saiwa fara ce, tana da ƙarfi. Wadda ta fara ruɓa takan koma ruwan ƙasa, ta yi santsi a hannu, ta yi wari. A shafa wa mazubin farin fenti a waje, ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye inda rana ke samu da safe, inuwa da azahar. Kada haske ya shiga ruwan, don gansakuka za ta fito ta yi rabon abinci da shukar. Rufewar tana kuma hana sauro samun wurin ƙwai, abin da bai kamata a yi wasa da shi a gida mai yara ba.

Inda wuta ba ta tsayawa, dogaro da injin hura iska ko na zagaya ruwa kasada ce. Hanyar da Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ya yi suna da ita ba ta buƙatar wuta ko kaɗan. A cika mazubi har ruwan ya taɓa gindin kofin dashen da ke rataye a murfi. Shuka na sha, ruwa na sauka, saiwa na binsa ƙasa, sashen sama na saiwar kuma yana shaƙar iskar da ke tsakanin ruwa da murfi. Kan latas ɗaya yana buƙatar lita 4 zuwa 6 har girbi. Sharaɗin shi ne, idan za a ƙara ruwa kada a cika shi fal, don saiwar da ta saba da iska za ta nutse.

Makwafin ƙasa

Abin da ake zubawa a kofi ko buhu don riƙe saiwa ba abinci ba ne. Aikinsa ya riƙe danshi, ya bar iska ta ratsa, kuma kada ya saki wani abu da zai ɓata haɗin taki.

Kokofit, wato niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, shi ne ya fi yawa a kasuwa. Yana zuwa a matse, dunƙule mai kilo 5 kan kumbura ya haura lita 60. Sai dai yakan zo da gishiri, kuma yana kama kalsiyam da maganiziyam ya hana shuka. A wanke shi sau da yawa, a jiƙa shi cikin ruwan kalsiyam naitiret ya kwana, a sake ɗaurayewa. Masu hali kan gauraya shi da falait, wani farin dutse mara nauyi, kashi bakwai da kashi uku.

Amma ba sai an sayi na waje ba. Ɓuntun shinkafa na nan jibge a wuraren casa irin na Kura da Argungu. Ɗanyensa ba ya riƙe ruwa sosai, kuma shinkafa kan tsiro a ciki, don haka ake jiƙa shi kwanaki ana canza ruwa, ko a babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, sannan a wanke. A Dakar ta ƙasar Senegal, shirin ƙananan lambuna da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa tun 1999 ya dogara ne da ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa da tsakuwar marmara, kayan da duk muna da su. Yashin kogi mai tsakuwa ma yana yi idan an wanke, amma a ɗiga masa ruwan khal tukuna, in ya yi kumfa a bar shi, zai riƙa ɗaga pH. Garin katako ɗanye yana cinye naitirojin, kuma na katakon da aka sa wa maganin gara guba ne. Don tsirar da iri kuwa, ɗan yankin soson katifa mai tsafta ya wadatar.

Ganye yana faɗa

Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka yi rawaya gaba ɗaya, naitirojin ya yi ƙaranci. Idan tsofaffin ne amma jijiyoyinsu na nan kore, maganiziyam ne. Idan sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari da koren jijiya, ƙarfe ne, kuma yawanci pH ne ya hau, ba takin ne ya ƙare ba. Baƙin tabo a gindin tumatir da ƙonewar bakin sabon ganyen latas alamar kalsiyam bai isa wurin ba ne, galibi saboda zafi ko kaurin ruwa. Don haka kafin a ƙara komai, a auna pH, a auna EC, a duba saiwa.

Mai son gwadawa ya fara da hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da bokiti biyu ko uku na latas ko alayyafo, ya bar tumatir sai hannunsa ya faɗa. Ya riƙe ɗan littafi yana rubuta ranar haɗawa, awon da ya samu da abin da ya ƙara. Ruwan kowace unguwa da halinsa, kuma wannan littafin ne zai nuna masa na rijiyarsa kafin ya zuba kuɗi a babban aiki.