Kwana a Zangon Wildcat: Yadda Ake Samun Izini da Yadda Ake Isa Magangarar Alamere

A arewa da birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, akwai wani yanki na gaɓar Tekun Pasifik da ake kira Point Reyes. Tun 1962, lokacin da Shugaba John F. Kennedy ya sa hannu a dokar keɓe shi, yankin yana hannun hukumar gandayen shaƙatawa ta tarayyar Amurka. A kudancinsa ne wani ƙaramin rafi mai suna Alamere yake zuwa bakin tsauni, ya faɗo daga tsayin mita 12 kai tsaye kan rairayin bakin teku. In ruwan teku ya ciko, a cikin taguwar ma yake zuba. Irin wannan magangara ba ta da yawa a duniya, kuma a Kalifoniya wadda ake yawan ambata tare da ita ita ce McWay da ke yankin Big Sur. Shi ya sa kowa ke son ganinta.

Mai zuwa da rana ya koma ba ya bukatar wata takarda. Sai dai tafiya ce ta ƙafa mai kai kilomita 21 zuwa da dawowa, in an bi hanyar da hukuma ta amince da ita. Wanda yake son ya kwana kusa, ya iske wurin da sassafe kafin jama'a su cika shi, dole ya nemi izini. Mota ba ta shiga, kuma ba a yarda mutum ya kafa tantinsa inda ya ga dama ba. Zango huɗu ne kacal masu tafiyar ƙafa ke kwana a cikinsu: Coast, Sky, Glen da Wildcat. Wildcat ne mafi kusa da magangarar. Yana kan wani fili mai ciyawa a saman gaɓa, kuma daga nan zuwa Alamere bai cika kilomita 2 ba in an bi bakin ruwa aka yi kudu.

Matsalar ita ce gurbi takwas ne a zangon gaba ɗaya, biyar na ƙananan ayari, uku na manya. Point Reyes kuwa yana karɓar baƙi fiye da miliyan 2 a shekara. Wani zai ce me ya hana a faɗaɗa? Da gangan aka ƙi. Yawancin dajin da ke kewaye yana ƙarƙashin dokar da ta hana tituna da gine-gine, sashen da aka keɓe a 1976 kuma daga baya aka sa masa sunan ɗan majalisa Phillip Burton. Ƙasar gaɓar mai saurin zaizayewa ce, ruwan sha kaɗan ne, shaddar da ke wurin kuma iyakar abin da za ta ɗauka ke nan. A ganina ƙarancin gurbin shi ne yake tsare wurin. Da an bar kowa ya kwana, da ba a daɗe ba filin ya zama fako.

Ana kama gurbi ne ta shafin Recreation.gov, inda gwamnatin tarayya ke sayar da izinin yawancin gandayenta. Mutum zai buɗe asusu da sunansa, ya tanadi katin banki. Tsarin da ake bi a shekarun nan shi ne a saki gurabe wata uku daidai kafin ranar kwana, da ƙarfe 7 na safe agogon Kalifoniya, a kuma riƙe wasu sai saura kwana 14. Wato mai son daren 20 ga Yuli, ranar 20 ga Afrilu ce ranarsa. Ga wanda yake shirya tafiyar daga Najeriya ko Nijar, wannan lokacin ya yi daidai da ƙarfe 3 na yamma in Amurka tana kan agogon bazara, ƙarfe 4 in ta koma na hunturu. Kuɗin ƙaramin gurbi dala 30 ne a dare, na babban ayari yana kaiwa dala 90, kuma ba a wuce mutum 25. Ba a ba mutum fiye da dare huɗu a zuwa ɗaya, ko fiye da dare 30 a shekara.

A aikace abin ya fi kama da layin mai a lokacin tsananin ƙaranci: wanda ya zo bayan an buɗe famfo ya makara. Daren Juma'a da na Asabar sukan ƙare cikin 'yan mintoci. Don haka waɗanda suka saba sukan shiga asusunsu tun kafin lokaci, su riga sun san lambar gurbin da suke so da wanda za su koma in an riga su, su danna da zarar agogo ya buga. Da gurbi ya shiga kwandon saye, shafin yakan riƙe shi na ɗan lokaci har a biya. In an yi sanyin jiki, ya koma kasuwa. Wanda ya rasa bai rasa duka ba. Akwai rabon saura kwana 14, akwai ranakun tsakiyar mako, akwai kuma waɗanda ke fasa tafiya su mayar da nasu. Zangon Glen, da ke cikin wani kwari mai itatuwa, yakan fi sauƙin samu, kuma daga can zuwa bakin tekun Wildcat kilomita 4 ne.

Ba na cewa tsarin adalci ne tsantsa. Ya fi yi wa mai intanet mai sauri da sararin zama gaban kwamfuta da safe daɗi. Akwai kuma masu kama gurbi don kawai kada a riga su, ranar ta zo su ƙi zuwa su ƙi sakewa, gurbin ya kwana babu kowa alhali an juya ɗimbin mutane.

To amma kuskuren da ya fi tsada ba a wajen danna maɓalli ake yin sa ba. Shi ne a kama rana ba a duba halin teku ba. Ruwan teku a wannan gaɓa yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu, cikin awa 25 ko ƙasa da haka kaɗan, saboda jan da wata da rana ke yi masa. Kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, cikar takan fi yawa, janyewar ma takan fi nisa. Hanyar Wildcat zuwa Alamere siririn rairayi ne tsakanin ruwa da tsauni miƙaƙƙe. In ruwa ya ciko sosai yakan kai har gindin tsaunin, babu wajen ratsewa, babu wajen hawa. A hunturu, lokacin da ruwan sama ke sa magangarar ta fi ƙarfi, guguwa takan kwashe rairayin, hanyar ta ƙara matsewa. Hukumar NOAA mai lura da teku da yanayi a Amurka tana wallafa jadawalin cika da janyewa tun kafin shekara ta kama, saboda haka mai hankali yakan fara buɗe shi, ya zaɓi ranakun da janyewar ta faɗo da rana, sannan ya ƙirga wata uku baya ya san ranar da zai zauna gaban shafin. Ya tashi daga zango ruwa yana kan janyewa, ya dawo kafin ya juyo. Kada kuma ya juya wa teku baya, domin akwai taguwar da takan zo ba zato ta zarce sauran, ruwan kuma sanyinsa kan kashe jiki cikin mintoci.

Akwai wata 'yar hanyar yanke da take sauka ta saman magangarar, wadda ake yawan gani a hotunan matasa. Hukuma ba ta kula da ita, tana ma gargaɗi a kanta. Ta bi ta cikin wani tsiro mai sa ƙaiƙayi da kuraje, ga kaska, ga dutsen da ke ruguzowa a hannu. Masu ceto sun sha ɗauko waɗanda suka karye a wurin.

Da izini ya samu, sai a buga takardar kwafi biyu: ɗaya a jaka don malaman daji, ɗaya a gaban gilashin motar da za ta kwana a mashiga. Daga mashigar Palomarin, kusa da garin Bolinas, kilomita 9 ne zuwa zango, kuma hanyar ta wuce ta gefen tafkunan Bass da Pelican. Daga Bear Valley, inda babban ofishin baƙi yake, kilomita 10 ne. Kowane gurbi yana da tebur da akwatin ƙarfe mai sakata. A ciki ake kulle abinci da duk abin da ke da ƙamshi, har sabulu da man goge baki, domin da dare ɓeraye, bodari da rakun, wata 'yar dabba mai wayon hannu, sukan zagaya tantuna. Akwai famfo, amma gara a riƙe abin tace ruwa ko da ya ƙi. Ba a hura wutar itace a zango, da ƙaramin murhun gas ake girki, wutar bakin teku kuma tana da nata izinin daban, wanda akan dakatar in iska ko fari ya yi tsanani. Wannan ba tsaurin banza ba ne: a Agustan 2020 gobarar Woodward ta cinye kusan eka 5,000 na dajin. Ba a shiga da kare. Sharar da mutum ya yi, a bayansa zai goyo ta ya fitar.

Mai zuwa a bazara kada sunan Kalifoniya ya ruɗe shi. Point Reyes yana cikin wuraren da suka fi hazo da iska a gaɓar Pasifik ta Amurka, kuma a tsakiyar Yuli ma sai da rigar sanyi. Waya ba ta cika samun sabis a can ba, don haka a kwafe jadawalin teku a takarda tun daga gida, a kuma faɗa wa wani ranar da ake sa ran fitowa.